Kafin Ka Zuba Sunayen Mutane a Manhaja: Darasi Daga Furojet Ɗina

Furojet ɗina na kammala difloma a kan bashi ne, wato wa ke ba wa kaya bashi a tsakanin 'yan tireda na unguwarmu. Na yi hira da mutum 40, na cika littafi da sunaye, sai na rasa ta inda zan kama. Sufabaizana ya ce, "To ka zana taswirar alaƙa mana." Daga nan na shiga farautar manhaja. Abin da na koya ne na kawo muku, musamman ku 'yan ajin da ke bayanmu.

A taswirar alaƙa, kowane mutum ɗigo ne, kowace hulɗa kuma zare ce da ke haɗa ɗigo biyu. Tunanin ya daɗe. Tun a 1736 Leonhard Euler ya bi wannan hanya wajen warware matsalar gadoji bakwai na birnin Königsberg, a 1934 kuma Jacob Moreno ya wallafa zane-zanen alaƙar mutane. Aikin manhaja shi ne lissafi, domin idan ka haɗa mutum 40 bibbiyu, haɗi 780 za ka samu. Wa zai bi wannan da biro?

Na gwada Kumu, Gephi da Insight Maker. Ga tambayoyi huɗu da ya kamata ka yi wa kowace manhaja.

Ta farko: wa zai ga bayanaina? Nan na yi ɓarin-ɓarama. Kumu a burauza take aiki, ga sauƙi ga kyau, sai na loda sunayen mutane da adadin bashinsu. Daga baya na lura cewa a tsarin kyauta aikinka a buɗe yake ga jama'a, na sirri na kuɗi ne. Wallahi gabana ya faɗi. Mutanen nan amana suka ba ni, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 a Najeriya. Na goge komai a daren, na maye kowane suna da lamba.

Ta biyu: za ta yi aiki ba data? Ka san halin netwok da wutar hostel. Gephi kyauta ce, sau ɗaya za ka sauke ta a laftof, daga nan ba ruwanka da intanet. Sai dai tana da wuyar sabo, kuma ba ta waya ba ce.

Ta uku: zan iya fita da kayana? Ka ajiye asalin bayananka a Excel ko fayil ɗin CSV. Kumu na son ginshiƙai masu suna From da To, Gephi kuma Source da Target. Sauya kan ginshiƙi kawai za ka yi ka ƙaura. Manhajar da hoto kaɗai take ba ka, ta riƙe bayananka, ka guje ta.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran: tana amsa tambayata? Insight Maker ta ƙware wajen nuna yadda abu ke taruwa yana raguwa a tsawon lokaci, kamar ruwa a tanki. Ni kuwa tambayata ita ce wa ya dogara da wa, don haka na ajiye ta. A Gephi na duba ma'auni biyu. Ɗaya yana ƙirga zaren da ke jikin kowane ɗigo, ɗayan yana nuna wanda ya zama gada tsakanin rukunoni. Na ɗauka babban dila ne zai yi zarra a duka biyun. Ashe wani mai ƙaramin shago ne gadar da ta haɗa ɓangarori biyu na unguwar. Idan ya karye, da yawa za su ji a jikinsu.

Gargaɗi ɗaya: tsawon zare a zanen ba nisan shago da shago ba ne, manhaja ce ta jera ɗigon yadda lissafinta ya ba ta. Ranar kare furojet, malamai ba launi za su tambaye ka ba. Cewa za su yi, "Wannan zaren me yake nufi, kuma a ina ka samo shi?" Ka tanadi amsar tun kafin ka buɗe kowace manhaja.