Ƙungiyar addini ta kai ni ƙara saboda rubutun Facebook

Tambaya: Na soki yadda wata ƙungiyar addini ke kashe kuɗin gudummawa a shafina na Facebook. Yanzu sun kai ƙarata wurin 'yan sanda, wai ina cin zarafinsu. Yaya zan yi? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗar albarkacin bakinka, kuma gyaran da aka yi wa Dokar Laifukan Intanet ta 2015 a shekarar 2024 ya rage faɗin sashe na 24, wanda aka daɗe ana kama masu suka da shi. Sai dai maganarka za ta tsaya ne kan abin da ka rubuta da shaidar da ke hannunka. Tambayar inda kuɗin jama'a suka shiga halas ce. Kiran shugabansu ɓarawo ba tare da hujja ba kuwa ɓata suna ne, kuma dokar hukunta laifuka ta Arewa ta tanadi hukunci a kansa.

Za ka ce ai gaskiya ka faɗa. To, alƙali shaida yake nema, don haka adana hotunan rubutunka da duk wata takarda, kada ka goge komai, kuma ka dakatar da rubutu a kansu, musamman abin da ya taɓa aƙidarsu, domin nan ne wuta ke tashi. Amsa gayyatar 'yan sanda, amma tare da lauya. In ba ka da hali, nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Idan dattawa suka kawo sulhu, saurare su, amma kada ka sa hannu kan takardar da lauyanka bai karanta ba.