Yadda ake nemo zaman masu barin giya

Kafin a nemi zama, a nemi likita. Mutumin da ya shekara goma yana kwankwaɗar giya kullum, in ya daina farat ɗaya, jikinsa na iya juya masa baya: rawar hannu, zufa, rashin barci, wani har farfaɗiya da gane-gane, galibi cikin kwana biyu zuwa uku da shan ƙarshe. Abin na iya kisa. Abokina makaniki, wanda na raka wannan tafiya, sai da ya kwana biyar a gadon asibiti kafin mu fara zancen komai.

A asibitin kuma ake kama bakin zaren. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, suna karɓar masu fama da shaye-shaye. Likita kullum cikin sauri yake, don haka ka nemi nas ɗin da ta daɗe a sashen, ka tambaye ta a hankali: waɗanda kuka sallama, ina suke haɗuwa? Ofisoshin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ma suna da masu ba da shawara. Kada dai ka zagaya gari kana neman allo. A inda shan giya yake haram kuma abin kunya ga dangi, lambar waya ce ake miƙawa daga hannu zuwa hannu.

In ba a dace ba, sai intanet. Ƙungiyar da ta fi shahara ita ce Alcoholics Anonymous, wadda wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka kafa a Akron ta Amurka a 1935, bayan sun gane cewa hira da ɗan'uwa mai irin ciwonka tana hana hannu kai wa kwalba. A Najeriya an fi samun zamansu a Legas da Abuja, amma akwai na Zoom dare da rana, kana iya shiga ba ka buɗe kamara ba. Musulmin Amurka ma sun kafa tasu, Millati Islami, a Baltimore a 1989. Matan mashaya da iyayensu suna da Al-Anon.

Zama na gaskiya ba ya karɓar kuɗin rajista, sai dai ɗan abin da aka jefa a kwano don sayen shayi. Ba a tambayar sunan mahaifinka, ba a kulle ƙofa. Duk wanda ya ce a kawo yaro a bar masa shi wata shida, ka tuna gidan marin Rigasa da 'yan sanda suka fasa a 2019, ka kama gabanka.

Duk wannan mai sauƙi ne. Aikin yana bakin ƙofa.

Ranar farko abokina ya je shi kaɗai, ya tsaya tsallaken titi a kan babur, ya sayi gyaɗa, ya cinye, ya koma gida ya ce mini ba su zo ba. Rana ta biyu ya faɗi gaskiya: ɗakin zaman wani aji ne a bayan coci, yaya zai yi in wani ɗan unguwa ya gan shi yana shiga? Sau da yawa a irin waɗannan wurare ake samun aron ɗaki, amma zaman ba wa'azi ba ne, kowa da addininsa yake shiga, da shi yake fita. Na yi masa wannan bayani har bakina ya gaji, bai yi amfani ba. Kuskurena shi ne na ɗauka hujja yake nema, alhali kunya ce ta ɗaure masa ƙafa.

Dabarar da ta yi aiki, mai lambar wayar da aka miƙa mana ne ya koya mini. A kira tun da rana, a ce sabo zai zo, wani ya fito ya tare shi a waje. A iso da minti goma sha biyar kafin lokaci, lokacin da ake jera kujeru, don shiga ɗaki cike da idanu ya fi komai nauyi. Kada a ce masa dole ya yi magana. Ya ce yau saurare zai yi, ya wadatar. Mai rakiya kuma ya san iyakarsa. Akwai zaman buɗe da kowa ke shiga, akwai na rufe, na masu ciwon kaɗai. Ni a kan benci na zauna, wurin mai shayi.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya fito. Bai yi nasiha ba, bai ko dube ni ba. Hannu ya ba abokina, ya ce, "Malam, taimaka mini da kujerun nan." Na ga malamai da likitoci sun yi ta fama da mutumin nan, amma ban ga wanda ya iya shi kamar dattijon nan ba. Ba sisin kwabo yake samu ba. Ya ce mini daga baya, tarbar sabon shiga ita ce ke tuna masa inda ya fito.

Bayan awa guda abokina ya fito yana dariya ƙasa-ƙasa. Ashe wanda yake tsoron ya gan shi, wani mai shago na layinsu, yana ciki tun bara.

Wata huɗu da farawa ya zame a wani biki, ya sha. Kwana biyu yana ɓuya, a na uku ya kira dattijon da asuba. Lambar tana wayarsa har yanzu, ya ajiye ta da sunan "Mai gyaran famfo".