Wata Shida Ne Kacal, 'Yan Uwa Mazauna Amurka

Wani dattijo direban tasi ya shigo ofishina a Greensboro da leda cike da takardun asibiti. Ya cika 65, ya shiga Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, ya ɗauka ya gama. Wani sarkin sani a masallaci ya ce masa Medigap, inshorar da ke cike abin da Medicare bai biya ba, cin kuɗi ne kawai, ai gwamnati ke biyan komai. Shekara ba ta zagayo ba aka gano masa kansar hanji.

Na ce, "Baba, yaushe ka shiga Sashen B na Medicare?" Da ya faɗi watan, gabana ya faɗi, don wata shidan da ake da su na sayen Medigap sun wuce. Muka nemi Tsarin G na Medigap a kamfani bayan kamfani, duk suka ga tarihin jinyarsa suka ƙi, kuma dokar jiharmu ba ta hana su ba. Sashen B yana biyan kashi 80, sauran 20 na kansa, ba su da iyaka. Maganin dala 100,000 yana nufin 20,000 daga aljihun mutumin da ƙarfin tuƙi ya riga ya ƙare masa. Kuɗin da ya tara don gina gida a Damagaram su suka tafi. Ya ce, "Ɗana, ba wanda ya gaya mini." An aiko masa da wasiƙu, bai buɗe ba, 'ya'yansa ma ba su duba ba.

Wannan sakacin yana ƙona mini rai. A cikin wata shidan farko bayan ka cika 65 kana Sashen B, babu kamfanin Medigap da ya isa ya ƙi ka saboda ciwo. In sun wuce, sai yadda suka ga dama, sai fa a jihohi irin New York.

Masu bugo waya suna cewa "inshora kyauta", Medicare Advantage suke talla, ba ya haɗuwa da Medigap. Masu zuwa gida ko Umra, Medicare ba ya bin ku waje. Tsarin G yana biyan kashi 80 na jinyar gaggawa a kwana 60 na farkon tafiya, iyakarsa dala 50,000 duk rayuwa. Magungunan da ake saya a kantin magani kuwa sai Sashen D na Medicare.

Ku daina karɓar fatawar inshora a bakin masallaci. Kowace jiha tana da ofishin SHIP mai ba da shawara kyauta. 'Ya'ya, don Allah ku buɗe wasiƙun iyayenku tun suna 64.