Kwamfuta Tana Jone da Wuta Amma Batir Ya Ƙi Ɗaukar Caji: Abin da Muka Koya

Da yawa daga cikinku sun tambaye mu dalilin da ya sa jaridar bango ba ta fito ba a makon jiya. Ba lalaci muka yi ba. Kwamfutar ƙungiya ce ta ba mu matsala, kuma a wajen neman maganin matsalar muka koyi darasin da muke so ku ma ku amfana da shi.

Kamar yadda kuka sani, kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya tak ƙungiyar 'yan jarida take da ita, wadda muka fi kira laftof. A cikinta muke buga duk labaran da kuke karantawa a wannan bango. Ranar Litinin muna cikin buga sakamakon gasar kacici-kacici sai aka ɗauke wuta. Nan take kwamfutar ta mutu, aikin awa biyu ya tafi, don ba mu adana ba. Abin ya ɗaure mana kai, saboda tun safe take jone. Da wuta ta dawo muka kunna, sai muka ga batirin yana kan kashi 3 cikin 100. Alamar caja ta fito a jikin hoton batir, amma lambar ta ƙi motsi.

Nan fa aka fara gardama. Wasu suka ce batirin ya mutu, a sayo sabo. Da aka tambayo kuɗinsa sai muka ga ya fi duk abin da ke asusun ƙungiya. Har mun fara lissafin nawa kowa zai roƙo a gida, sai muka je wajen malamin kwamfuta. Malam ya saurare mu, sannan ya tambaye mu wa ya gaya mana batirin ne. Muka yi shiru. Ya ce wuta tana yin tafiya ne daga bango zuwa batir, kuma tana iya tsayawa a ko'ina a hanya. Don haka a bi hanyar daki-daki, a fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ga yadda muka bi ta.

Mataki na 1: Soket

Da farko a tabbatar akwai wuta a inda aka jona. Abin kamar wasa ne, amma sau da yawa nan matsalar take. A cire cajar kwamfuta a jona wani abu, kamar cajar waya ko fitila, a gani ko zai yi aiki. Idan a ekistenshan aka jona, a cire a kai bango kai tsaye, saboda ramukan ekistenshan suna saki idan sun tsufa. Kan filogi mai ƙafa uku yana da fiyus a ciki, shi ma yana iya ƙonewa. Mu da muka gwada, soket ɗinmu lafiya lau yake.

Mataki na 2: Jikin caja

Cajar laftof kashi biyu ce. Akwai wayar da take zuwa bango, akwai kuma ɗan baƙin akwati mai siririyar waya da take shiga kwamfuta. A duba mahaɗar biyun, a danna ta shiga sosai. Daga nan a cire cajar daga wuta, a bi wayar da yatsa daga farko har ƙarshe, ana neman inda ta tsage, ko ta lanƙwashe, ko ɓera ya ci. Inda ta fi karyewa shi ne gindin akwatin da kuma wuyan kan da yake shiga kwamfuta. Wasu cajojin suna da 'yar fitila. Idan an jona ba ta kama ba, zargi ya koma kan caja. Idan kuma aka ji ƙauri ko aka ga roba ta narke, kada a sake jona ta ko sau ɗaya.

Mataki na 3: Rubutun da ke bayan caja

A nan lissafin da muke yi a aji ya yi mana rana. Wutar da ke zuwa gidajenmu a Najeriya bolt 230 ce. Kwamfuta ba za ta iya shan wannan ba, shi ya sa ɗan akwatin yake rage ta zuwa kamar bolt 19 ko 20. A bayan kowace caja an rubuta abin da take bayarwa. Harafin V yana nufin bolt, A yana nufin amfiya, W kuma wat. Idan aka ninka V da A sai a sami W. Misali, 20V sau 3.25A ya ba da 65W. Haka 20V sau 2.25A ya ba da 45W.

A ƙarƙashin kwamfutar ma an rubuta abin da take buƙata. Dole bolt ɗin ya zo daidai. Wat ɗin caja kuma ya yi daidai ko ya fi, amma kada ya gaza. Idan kwamfuta tana son 65W aka sa mata cajar 45W, tana iya kunnuwa, amma ƙarfin ba zai isa ya riƙe ta ya kuma cika batir ba. Kamar mutum ne yana tara ruwa a bokiti daga famfo mai ɗiga, ga wani yana kamfata yana sha. Don haka shigar kan caja cikin rami ba ya nufin cajar kwamfutar ce. Masu sababbin kwamfutoci da ake caji da USB-C su sani cewa ba kowane rami ne yake karɓar caji ba, kuma yawancin cajojin waya sun yi musu kaɗan.

Mataki na 4: Kan caja da raminta

A kashe kwamfuta, a haska ramin caja da tocila. Ƙurar hunturu tana taruwa a ciki. Idan an ga datti a hure shi, ko a fitar da shi a hankali da tsinken sakace. Ban da allura ko wani ƙarfe. A kuma lura ko kan cajar yana rawa a cikin ramin. Idan sai an riƙe shi ta gefe guda yake caji, ramin ne ya saki, wannan kuwa aikin mai gyara ne.

Sannan a leƙa cikin kan cajar. Wasu cajoji masu zagayayyen kai suna da wani siririn tsinken ƙarfe a tsakiya. Ta wannan tsinken kwamfuta take gane irin cajar da aka jona mata da kuma ƙarfinta. Idan ya lanƙwashe ko ya karye, wuta za ta shiga, kwamfuta za ta yi aiki, amma tana iya ƙin cajin batir saboda ba ta san cajar ba.

A nan muka kama ɓarawonmu. Da muka haska, sai ga tsinken a kwance a gefe. Sai a lokacin ɗaya daga cikinmu ya faɗa cewa ranar Juma'a ya yi tuntuɓe da wayar, har kan ya fizge da ƙarfi, amma tsoro ya hana shi magana. Malam bai yi masa faɗa ba. Ya ce da ya faɗa tun farko, da ba mu yi asarar aikinmu ba. Daga nan ya aro caja irin tamu sak a ɗakin malamai, muka duba lambobinta suka yi daidai, muka jona. Ba a yi minti biyar ba 3 ta koma 4, ta koma 5. Ihun da muka yi sai da aka leƙo daga ajin kusa.

Mun so mu tsaya a nan, amma Malam ya ce wata rana caja za ta kasance lafiya, batir kuma ya ƙi caji. Saboda haka ya koya mana sauran matakan.

Mataki na 5: Zafi

Batirin laftof irin wanda ake kira lithiyam ne, kuma ba ya son zafi. An tsara kwamfuta ta dakatar da caji da kanta idan batir ya yi zafi da yawa, don kada ya lalace ko ya kama da wuta. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin garuruwanmu yake haura digiri 40, wannan yana iya faruwa. Ya fi faruwa idan an ɗora kwamfutar a kan katifa ko filo, an toshe ramukan da fankarta take shaƙar iska. A kashe ta, a ajiye ta a kan tebur a inuwa kamar rabin awa, sannan a sake gwadawa.

Mataki na 6: Zubar da ragowar wuta

Wani lokaci ɗan abin da yake kula da caji a cikin kwamfuta ne yake rikicewa. A kashe kwamfutar, a cire caja da duk abin da ke jone da ita. Idan batirin mai cirewa ne ta baya, a cire shi. A danna maɓallin kunnawa a riƙe kamar daƙiƙa 30. Sai a mayar da batir, a jona caja, a kunna. Idan batirin a rufe yake a ciki, a yi sauran kawai, kada a ɗauko sukundireba.

Mai batir mai cirewa yana da wani gwaji kuma. Ya cire batirin, ya jona caja kaɗai. Idan kwamfutar ta kama, wuta tana shigowa ke nan. Idan ba ta kama ba, a koma kan caja da raminta.

Mataki na 7: Ko da gangan aka tsayar da shi?

Idan batir yana tsayawa a kashi 60 ko 80 kullum, ba lallai ne ya lalace ba. Kamfanoni da yawa sun sa wani tsari da yake hana batir cika fal, don ya daɗe bai tsufa ba. A kwamfutocin Lenovo ana samunsa a manhajar Lenovo Vantage, a na ASUS kuma a MyASUS. Mai son batirinsa ya kai 100 sai ya shiga ya kashe tsarin.

Mataki na 8: Cikin Windows

Akwai ƙaramar manhaja da take sada Windows da batir, ita ma tana iya samun tangarɗa. A danna maɓallin Start da ɓangaren dama na linzami, a zaɓi Device Manager, a buɗe Batteries. Za a ga layi mai suna Microsoft ACPI-Compliant Control Method Battery. A danna shi ta dama, a zaɓi Uninstall device, sannan a kashe kwamfutar a kunna. Windows za ta mayar da shi da kanta. 'Yan'uwa, idan kwamfutar makaranta ce, kada a yi wannan sai malami yana tsaye.

Mataki na 9: Batirin kansa

Sai an gama duk waɗannan ake zargin batir. Batir yana tsufa kamar kowane abu. Duk cika da ƙarewa yana rage masa ƙarfi kaɗan. Windows tana iya faɗin lafiyarsa. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport a danna Enter. Za ta nuna inda ta ajiye rahoton. A ciki a nemi layi biyu. Design Capacity shi ne abin da batirin yake ɗauka yana sabo. Full Charge Capacity shi ne abin da yake iya ɗauka yanzu. A ce na farko 40,000 ne, na biyu 30,000, to saura kashi 75 na ƙarfinsa, yana da sauran amfani. Idan kuwa na biyun ya koma 8,000, kashi 20 ya rage, lokacin canji ya yi.

Gargaɗi

Idan kuka ga wurin da ake shafawa da yatsa ya taso, ko madannai sun yi tudu, ko murfin ƙasa ya buɗe da kansa, batirin ya kumbura. A kashe kwamfutar, a cire caja, a sanar da babba. Kada a danna shi, kada a huda shi, kada a jefa shi a bolar da ake ƙonawa, domin yana iya tashi da wuta. Akwatin caja ma ba a fasa shi, saboda yana iya riƙe wuta ko bayan an cire shi daga soket. Idan an bi matakan nan duka abin bai gyaru ba, wataƙila matsalar tana can cikin injin. Sai a kai wa mai gyara, a kuma gaya masa duk abin da aka gwada.

Ko kun sani?

Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara sayar da irin wannan batir a 1991. A 2019 kuma aka ba masana uku kyautar Nobel ta ilimin sinadarai saboda aikinsu a kansa. Su ne John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino. Irinsa ne a cikin wayoyin iyayenmu.

Dokokin da muka kafa

Daga ƙarshe caja muka saya, ba batir ba, kuma kuɗin asusunmu ya isa har da canji. Tunda rigakafi ya fi magani, mun zauna mun amince da waɗannan dokoki. Ba za a sake shimfiɗa waya a kan hanyar wucewa ba. Mai cire caja ya kama kanta, kada ya ja waya. Ba a nannaɗe waya tamau a jikin akwatinta. Idan za a tayar da janareta, a cire caja sai wuta ta daidaita. Mai bugu ya riƙa danna Ctrl da S bayan kowane sakin layi. Wanda kuma ya yi ɓarna ya faɗa a ranar, ba za a yi masa dariya ba.

Tambayoyin wannan mako

1. An rubuta 20V da 4.5A a bayan wata caja. Wat nawa ce?
2. Me ya sa ba a fara zargin batir?
3. Faɗi alamu biyu na batirin da ya kumbura.

A rubuta amsa da suna da aji a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda. Muna godiya ga malamin kwamfuta da ya ba mu lokacin hutun tararsa har kwana biyu, da kuma malamin da ya ara mana cajarsa.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.