Darasi Na Tara: Rubutu da Almakashi

A shekarar 1920, wani marubucin waƙoƙi mai suna Tristan Tzara, haifaffen ƙasar Romaniya, ya bayyana wata baƙuwar hanyar rubutu a birnin Paris. Ya ce a sami jarida, a yanke kalmominta ɗai-ɗai da almakashi, a zuba a jaka, a girgiza. Sa'an nan a riƙa zaro su, ana rubutawa yadda suka fito. Daga baya, William Burroughs na Amurka ya rubuta littattafai ta hanyar yanka shafuka da sake jera su.

Wannan wasa yana da amfani ga mai koyon Hausa, amma akwai tarko a cikinsa. Dubi wannan jimla:

Audu ya kira Binta.

Idan ka musanya sunayen biyu, za ka sami "Binta ya kira Audu." Duk Bahaushen da ya ji haka zai yi murmushi, domin Binta mace ce. Dole "ya" ta koma "ta": Binta ta kira Audu. Lura kuma, mai kira ya zama wanda aka kira, labari ya sauya ke nan. Tzara bai damu da gyara ba, amma mai duba takardar jarrabawarka zai damu.

Aiki: Yanki gajeren labari daga jaridar Hausa. Raba shi jimla-jimla, ka sake jera su har su ba da sabon labari. Ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ka gyara, ka faɗi dalili.