Zan Je Garwa Kallon Hawan Sallah, Amma Ban Taɓa Ƙetare Iyaka Ba

Wasiƙar wannan mako daga unguwar Gwadabawa ta Jimeta ta fito. Mai ita matashi ne ɗan shekara 28, mai gyaran waya a kasuwa, kuma ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce tun yana ƙarami babu abin da ke tsayar da shi a hanya kamar doki. Duk ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo yake yini, sai an watse yake komawa gida. Daga baya ya tara kuɗi ya sayi nasa, wani kili, wanda yake fita kilisa da shi da yamma ta bakin kogi. Son dokin ne ya haɗa shi da wasu samari na Garwa, a arewacin Kamaru, suna aika wa juna hotunan dawaki da kayan hawa ta waya. Yanzu sun gayyace shi ya zo ya yi Sallah da su.

Ga yadda ya faɗi damuwarsa: "Malam, ban taɓa fita Najeriya ba, iyakata Kano da Abuja. Ba ni da fasfo. Abokaina na kasuwa suna ce mini wa ke zuwa Garwa da fasfo, ai gida ce, in zo mu hau babur mu bi ta daji. Dada, mahaifiyata, kuma ta ce ba za ta yarda in je wurin mutanen da ban taɓa gani da idona ba. Sannan ɗaya daga cikin samarin Garwan ya ce akwai wani ingarma akawal da za a sayar da araha, in turo rabin kuɗi a riƙe mini kafin in iso. Ina son tafiyar nan ƙwarai. Ta ina zan fara?"

AMSA

Filin nan yana goyon bayan tafiyar, kuma da wuya mai son doki daga Jimeta ya sami garin da ya fi Garwa dacewa da fitarsa ta farko. Ba ta kai nisan Gombe ba. Kogin Binuwai ne ya bi ta garuruwan biyu, agogonsu ɗaya, kuma Fulatanci da Hausa suna kai mutum inda yake so a kasuwa ko da bai iya Faransanci ba. Abokan da ke cewa Garwa gida ce suna da hujja a tarihi. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna Gurin, ya zauna Ribaɗu, sannan ya kafa Yola a 1841, kuma lamiɓen Garwa da Ngaundare da sauransu Yola suke kallo a matsayin uwa. A 1901 Ingilishi suka ci Yola, Jamusawa suka riƙe Garwa, aka raba ƙasa ɗaya gida biyu. Ko Mubi da Ganye ma sai da ƙuri'ar raba gardama ta 1961 suka tabbata a Najeriya. Shi ya sa har yau da wuya a sami tsohon gida a Yola da ba shi da dangi a can.

To amma jandarman da ke tsaye a shingen hanya takarda zai tambaya, kuma nan ne shawarar abokan ta ɓaci. Kamaru ƙasa ce daban, ba ta kuma cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka takardar tafiya ta ƙungiyar, wadda ake shiga Ghana ko Benin da ita, kada ya dogara da ita a can. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne tsohuwar yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu, wadda ta ba ɗan Najeriya damar shiga ba tare da biza ba har kwana 90. Sharaɗin shi ne fasfo mai rai, da hatimin shiga a cikinsa. Wanda ya bi ta daji ba shi da wannan hatimi, kuma duk shingen da ya iso tsakanin iyaka da Garwa, abin da aka ga dama za a yi da shi: ko kuɗin hutunsa su ƙare a hanya, ko ya yi Sallah a tsare. Ɗan kasuwar da ya shekara ashirin yana bin hanyar, aka san fuskarsa, lissafinsa daban ne da na baƙon da bai san kowa ba.

Saboda haka fasfo ne farkon aiki, kuma a wannan makon, ba sai azumi ya raba ba. Ana cike takardar a shafin Hukumar Shige da Fice, ana biya a can, sannan a je ofishinsu a ɗauki hoto da zanen yatsu. Tun Satumbar 2025 mai shafi 32, na shekara biyar, Naira 100,000 ne, kuma shi ya ishe shi. Ya tabbata sunansa da ranar haihuwarsa sun yi daidai da abin da ke kan lambarsa ta NIN, domin saɓanin harafi ɗaya kan riƙe mutum makonni. Sai katin rigakafin shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa da jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Allurar za a yi da gaske. Masu sayar da kati ba allura suna nan, kuma sauro ba ya duba kati.

Hanya kuwa, akwai wadda ta bi ta Girei da Jabbi Lamba zuwa Belel, a shiga Kamaru ta Gashiga a gangara Garwa, akwai kuma ta Fufore da Gurin. Direbobin tasha su suka san wadda ta fi kyau a makon da zai tashi, musamman idan ruwa ya fara sauka. Ya yi sammako, ya isa da rana tsaka. Kada ya karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko da na maƙwabci ne, sai ya buɗe ya gani, domin waɗannan hanyoyi ne da ake safarar ƙwayoyi da fetur, kuma wanda aka samu da jaka shi ne mai jaka.

Maganar kuɗi tana da tarko guda da ke kama sababbin matafiya. Sefa iri biyu ce. Akwai ta Nijar da Benin da Togo, akwai ta Kamaru da Chadi da Gabon. Darajarsu ɗaya, kusan 656 a kan Yuro guda, amma mai shago a Garwa ba zai karɓi ta Nijar ba. Idan zai yi canji a Jimeta ya duba takardar da kyau, ya ga an rubuta BEAC, bankin da hedkwatarsa ke Yawunde. Ya nemi ƙananan takardu, ya raba kuɗin wuri biyu, ya ware na komowa kada ya taɓa su. A wurin ciniki kuma ya sa a rubuta masa farashi da lamba a waya, domin yadda ake ƙidayar sefa da baki ya saɓa da yadda kunnen mai Naira ya saba ji.

Sai zancen Dada, wanda filin nan ke ganin ta fi kowa gaskiya a wasiƙar. Abin da ta ƙi shi ne ɗanta ya faɗa hannun mutanen da babu wanda zai iya cewa ga gidansu. Maganin wannan yana cikin al'adarmu tun kafin waya: baƙo da mai masauki yake tafiya. Mai wasiƙar ya zauna da Baffansa ko Kawunsa, ko limamin unguwa, a nemo wani dattijo a Garwa da aka sani, dangi ne ko abokin kasuwanci. A Jimeta wannan ba abu ne mai wuya ba. A gidan wannan dattijo zai sauka, ko a masaukin da shi ya zaɓa masa, kuma shi za a ba sunayen samarin da unguwarsu ya bincika. Masu dawaki ba su ɓoyuwa a gari. Wanda ke da ingarma a turke, mai sayar da harawa ya san shi, maƙerin linzami ya san shi, mutanen fada sun san shi. Idan kwana biyu suka wuce ba a sami wanda ya san su ba, to an sami amsa. Idan kuma aka ce 'ya'yan gidan wane ne, sai dattijon ya yi magana da Dada ta waya da bakinsa, ta riƙe lambarsa, ta san ranar tafiya da ranar dawowa. Uwa ba ta cika hana abin da aka bi ta wannan hanya ba.

Haɗuwar farko a yi ta da rana, a barga ko a filin sukuwa, tare da wani daga gidan masaukinsa. Zumunta a ƙafa take, kuma hannu sake ba a zuwa da shi: turare, ko hula, ko ragama mai kyau ta aikin gida sun isa, ba sai ya yi abin da zai nuna shi mai kuɗi ba. A bargar mutane akwai ladabin da duk mai doki ya sani amma zumuɗi kan mantar da shi. Ba a hawa dokin mutum sai shi ya miƙo linzami. Ba a buɗe bakin doki a duba haƙora a gaban mai shi in ba ciniki ake ba. Ba a cewa namu na Yola sun fi, ko da sun fi. Wanda ya yi shiru ya yi tambaya shi ke dawowa da ilimi: me suke haɗawa da dusa, yaya suke ba da kanwa, da me suke maganin kaska da ciwon baya, wa ke yi musu sirdi. Arewacin Kamaru da Chadi ƙasar dogayen dawakin nan ne masu lanƙwasasshen hanci da ake kira Dongola, ga kuma gajerun dawakin Musai na bakin kogin Logon, masu jure wahala. Mai son doki zai sami abin kallo da abin tambaya har ya gaji.

Ranar hawa kuwa zai ga abin da ya sani da abin da bai sani ba. Mahaya cikin manyan riguna da rawuna, dawaki sun sha jalala da ado, algaita da tambari suna tashi, sai a jeru a sako su a guje zuwa gaban Lamiɗo, a ja linzami a tsaya cak, a ɗaga takubba da masu. A can fantasiya suke ce masa. Idan aka ba shi aron doki ya shiga ayari, ya karɓa da godiya, amma kada ya shiga sukuwar jafi a kan dokin da bai san halinsa ba. Karaya a ƙasar da mutum ba shi da kowa tana da tsada.

Batun akawal, amsar a'a ce, ko sisi kada ya tura. Ba wai an ce saurayin macuci ne ba, yana iya zama da kyakkyawar niyya. Amma doki ba a saye a hoto. Sai an ga tafiyarsa, an duba kofato da gwiwa da baya, an ji numfashinsa bayan gudu. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba idan aka ce masa sai an zo an gani, wanda kuma ya matsa da cewa wani zai riga shi, matsin nan kansa abin lura ne. Ko da dokin ya yi masa, shigo da dabba mai rai Najeriya sai da takardar likitan dabbobi da izinin hukumar killace dabbobi da tsirrai, wato NAQS, ga kuma kwastan ta ɓangarorin biyu. Dokar tana da dalili. A ƙarshen 2018 zuwa 2019 murar dawaki ta ɓarke a Sakkwato da Nijar har Senegal, ta kashe jakuna da dawaki masu yawa, kuma zirga-zirgar dabbobi ce ta yaɗa ta. Saboda haka shi kansa idan ya dawo daga bargar wasu, ya yi wanka, ya sauya tufafi da takalmi kafin ya kusanci nasa. A wannan zuwa ya tsaya kan sirdi ko likkafa ko linzami, abin da zai shiga jaka. In rabon ingarman nasa ne, zuwa na biyu yana nan.

Akwai abu biyu da zai kame kansa daga gare su: siyasa da kyamara. Garwa gari ne mai zafin siyasa. Nan aka haifi Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, kuma bayan zaɓen Oktoban 2025 an yi zanga-zanga a garin, mahaifar ɗan takara Issa Tchiroma Bakary. Idan hira ta karkata can, baƙo sauraro ne nasa. Haka nan ba a ɗaukar hoton barikin soja, ko shingen jandarma, ko gada, ko filin jirgi. Yawo zuwa ƙauyukan nesa ko yankin Mora da Kolofata a can arewa mai nisa ba ya cikin wannan hutu.

Idan Sallah ta wuce da sauran kwana ɗaya ko biyu, ya roƙi abokan su kai shi filin wasa na Roumdé Adjia, inda Najeriya ta doke Masar da ci ɗaya a Janairun 2022, da ƙafar Kelechi Iheanacho, kafin Tunisiya ta fitar da ita a wannan filin. Gidan ƙungiyar Coton Sport ne, wadda ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008. Ranar Lahadi kasuwar Pitowa ke ci, kusa da gari. Ga kuma madatsar Lagdo, kimanin kilomita 50 kudu da Garwa, wadda aka gama a 1982, wadda duk ɗan Jimeta da ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ya san sunanta. Ya je ya ga tafkin da idonsa, ya ci kifi a bakinsa, amma ya tambaya kafin ya ɗaga waya wajen ginin madatsar. Ranar dawowa ya fito da wuri, ya biyo ta ofishin iyakar da ya shiga, ya tsaya a buga masa hatimin fita na Kamaru da na shigowa Najeriya kafin ya hau motar Jimeta.