Asalin Wasu Kalmomin Ingilishi na Kayan Ninƙaya

A wannan ɗan nazari za mu duba kalmomi uku da Turawa ke kiran kayan da ke taimaka wa mai iyo. Abin lura shi ne, ko da yake a yau kayan wasa ne, sunayensu daga wajen soja suka fito.

Ta farko ita ce "snorkel", wato bututun da mai nutso yake sa wa a baka yana shaƙar iska fuskarsa na cikin ruwa. Aro ce daga Jamusanci. A Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa sun kira bututun da jiragensu na ƙarƙashin ruwa ke zuƙo iska da shi "Schnorchel", kalmar kuwa tana da dangantaka da "schnarchen", wato yin minshari. Duk wanda ya ji ƙarar numfashi ta cikin bututu zai yarda sunan ya dace.

"Scuba" kuwa haruffan farko ne na kalmomi biyar aka harhaɗa, ma'anarsu na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa mai cin gashin kanta. Wani likitan sojan Amurka, Christian Lambertsen, ya ƙago ta a 1952.

Ta uku laƙabi ce. Matuƙa jiragen yaƙin Ingila sun kira rigar ceto da ake hura wa iska "Mae West", sunan wata 'yar wasan fim ta Amurka mai cikar ƙirji, domin in rigar ta kumbura sai su tuna da ita. A ganina wannan zolaya ce irin ta barikin soja, ba ladabi a cikinta.